Kiran Suna

Ruwa bai yi sallama ba.
Ƙarfe biyun dare kogin Kaduna ya haura gaɓarsa,
ya shigo Kabala kamar mai bin bashi,
ya ɗauki tabarma, ya ɗauki buhun masara,
ya kife tukunya da sauran tuwon jiya a ciki.

Baba Jatau maigadi ne ya fara jin ihun.
Bai jira takarda daga ofis ba,
bai jira hedimasta ya farka ba.
Ya ciro makullai goma sha ɗaya daga wuyansa,
ya buɗe ƙofa bayan ƙofa,
har ta ajin nan da rufinsa ke yoyo.
Wanda kogi ya koro, ina ruwansa da yoyo?

Da na iso da asuba, zanina jiƙe har gwiwa,
na tarar ajina ya zama unguwa.
An haɗa benci biyu, sun zama gadon Iya Barmani mai ƙosai.
An rataye rigar jariri a kan taswira,
tana ɗiga daidai inda Neja ta sadu da Binuwai.
Lissafin da na bari a allo ranar Alhamis,
bakwai sau takwas,
yana nan, ba wanda ya amsa.
Na goge, na rubuta:
shinkafa mudu tara, bargo shida, mutum arba'in da uku.
Wannan rabawar ba a koya mini ita a kwaleji ba.

Tsohon wilin motar da muke bugawa a shiga aji
ya koma kiran cin abinci.
Malam Ishaya na kimiyya ya ajiye littafi,
ya tsuguna yana tafasa ruwa a rabin duro,
yana faɗa da duk wanda ya sha ɗanye.
Aji biyar ya zama masallaci,
aji shida ya zama majami'a ranar Lahadi,
bango ɗaya a tsakani, buta ɗaya a bakin ƙofa.

Sai na buɗe rajista,
don hannuna bai san wani aikin ba.
Lantana Dogara.
Na'am.
Istifanus Bako.
Na'am, Malama.
Kande Shekarau.
Na'am, daga bayan buhunan kaya.
Tanimu Maikano.

Tanimu Maikano.

Uwarsa ce ta ɗago kai daga bakin taga,
riƙe da takalminsa na roba, ƙafa ɗaya.

Rana ta uku masunta suka kawo shi daga ƙasan gada.
Gidansu babu, ƙofar gidan ma babu,
sai aka yi masa sallah a filin ƙwallo,
kusa da ragar da yake tsarewa ba takalmi.
Liman a gaba, sahu uku a baya,
Malam Ishaya da mutanensa can gefe, hula a hannu,
har aka sallame.

Ruwa ya janye, kamar yadda ya saba,
ya bar laka da warin laka.
Mutane suka kwashe abin da ya rage.
Iya Barmani ta aiko da ƙosai cike da kwano,
wai kuɗin haya.
Maikano ya dawo da guduma da ƙusa,
ya gyara duk bencin da ya karye, bai ce uffan ba.

Litinin aka koma karatu.
Bango na da tabon hayaƙi, ban bari a shafe ba.
Na rubuta bakwai sau takwas,
hannuwa suka tashi.
A benci na uku, wajen taga,
Istifanus ya matsa gefe, ya bar wuri.

A rajista akwai gidan wanda ya zo,
akwai gidan wanda ya yi fashi.
Na duba, na sake dubawa.
Tanimu bai yi fashi ba.
Na bar layinsa fari,
ina kiran sunan a zuci,
sannan in wuce na gaba.